Naira Ashirin da Giwar Dajin Kamuku

Da hantsi, a ƙarshen daminar 1974, Dabo direba ya faɗo ofishin 'yan sandan Birnin Gwari ba ko hula.

"Yallaɓai, giwa! Giwa ta murƙushe mana mota a dajin Kamuku!"

Sufeto Mainasara ya ajiye alƙalami. Shekara goma sha ɗaya yana aiki, bai taɓa karɓar ƙarar giwa ba. Ya kuma san muddin ya sa hannu a ƙarar, gobe ma'aikatan daji za su shiga su harbe ta.

Mai motar, Hajiya Furera mai fataucin hatsi, ta iso da wata takarda a ƙulle cikin gyale.

"Garanti ne, Sufeto. Na shekarar farko ya ƙare, na sayi ƙarin shekara biyu a kamfanin Kaduna. Duk shiga gareji, naira ashirin ta farko tamu, sauran nasu."

"Wa ke biyan ashirin ɗin?"

"Mai tuƙi mana! Ni na riƙe sitiyari?"

Dabo ya sunkuyar da kai. Sufeto ya karanta takardar har ƙasa, ya sa a aljihu.

Su ukun suka shiga daji. Ga babbar motar nan ƙarƙashin wata maɗaciya, goshinta a lotse. Ga kuma sawu a laka, kowanne kamar faifai. Sufeto ya tsuguna, ya sa tafukansa biyu cikin ɗaya, ba su cika shi ba. Ya daɗe a haka yana tasbihi.

Sannan ya lura tayar motar ce ta hau kan sawun, ba sawun ne ya hau kan tayar ba.

Ya shafa ƙarfen. Lotsawa bakwai, duk girmansu ɗaya, kamar bakin kofin shayi.

Sai tsuntsaye suka yi tsit. Can tsakanin itatuwa wani abu da suka ɗauka dutse ne ya motsa. Giwa ce, da ɗanta a gindinta. Ta ɗaga hanci, ta shaƙi iskarsu, ta wuce a hankali, ko ƙirare bai karye ba.

"Dabo," in ji Sufeto ƙasa-ƙasa, "wannan baiwar Allah, a ina take ajiye gudumarta?"

Dabo ya durƙusa.

"Yallaɓai, famfon ruwan injin ne ya sake mutuwa. Sau uku bana Hajiya na yanke min ashirin, albashina talatin. Na ce in giwa ce, ai ba tuƙina ba ne, kamfani su gyara, ni in tsira."

Sufeto ya buɗe takardar, ya ɗora yatsa kan layin ƙarshe.

"Kamfani na gyara abin da ya lalace don kansa ne kawai. Ɓarnar giwa ba ruwansu, balle ta guduma. Da famfon ka kai musu, ashirin ce. Yanzu ko kwabo ba za su biya ba."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Ka kashe ni, Dabo!"

"Ke ma, Hajiya, takardar ta ce mai mota ne zai biya ashirin ɗin, ba direba ba."



Sufeto ya sa wa Dabo ankwa. Da suka juya, Dabo ya waiwayi inda itatuwa suka rufe.

"Yallaɓai, da gaske da harbe ta za a yi?"

"Da an harbe ta, ɗan kuma yunwa ta ƙarasa shi."

Suka kama hanyar Birnin Gwari.