Faransanci Ba Rabona Ba Ne, In Ji Papa

"Faransanci ba naki ba ne, Leiwia! Na Kalwat ne!"

Papa ya daki tabarma da tafin hannu har ganyen da aka naɗo abincinmu na laplap ya yi tsalle. Ruwan sama na ɗiga ta hujin tamfol ɗin da muka rufa ɗaki da shi tun da guguwa ta kwashe mana kwano, yana sauka cikin tukunyar da Mama ta tara.

"Papa, jarrabawar ƙarshe fa ta ƙarato. Madam, malamarmu ta Faransanci, ta sa sunana cikin masu neman gurbin karatun malanta a birnin Noumea, can tsallaken teku. Abin da ya rage kawai in zauna gaban masu jarrabawa in yi magana da Faransanci..."

"Ni ma na sa sunanki. Cikin ayarin cocinmu masu tafiya tsinkar inabi Ostireliya. A watan jarrabawar taku jirgi zai tashi."

Lomar da ke hannuna ta faɗi.

"Kakanku bai taɓa shuka doyarsa a gefe ɗaya na tudu ba," in ji shi. "In iska ta ci gabas, yamma na nan. Haka na yi da ku, kamar yadda kowane uba mai hankali yake yi a garin nan namu na Vila. Yayanki na kai shi makarantar Faransanci, hanyarsa Noumea. Ke na kai ki ta Turanci, hanyarki Ostireliya. Yau gida na neman rufi, ranar Turancinki ta zo."

Yaya Kalwat ya yi gyaran murya. "Papa, ni fa harsunan sun yi mini yawa. Ga Faransanci, an ƙara mana Sifaniyanci, bana kuma Japananci. Kaina har hayaƙi yake. In ara mata ɗaya mana..."

"Rufe mini baki! Na san wanda ya hure mata kunne. Direban bas ɗin nan ɗan tsibirin Vao. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Na dubi Mama. Ta sunkuyar da kai tana gyara zaman tukunya. Na miƙe tsaye.

"Papa, zan zauna jarrabawar nan."

"To mu zuba mu gani."

A makarantarmu Faransanci darasi ne na dole, amma kowa ya ɗauke shi lokacin gyangyaɗi. Ni kaɗai nake zama a gaba kamar wadda aka yi wa alkawarin gado. Ban san dalili ba, ina dai sonsa, yadda wani ke son waƙa ba tare da an tambaye shi hujja ba.

Shi ya haɗa ni da Romaric, direban bas ɗin da Papa ke faɗa. Wata safiya ina bayan bas ina ta maimaita darasi ƙasa-ƙasa, sai direba ya leƙo ta madubi.

"'Yan mata, wa ya yi miki laifi kike zaginsa da Faransanci?"

"Ba zagi ba ne, gaisuwa ce!"

"In haka ake gaisuwa, gara a wuce ni ba a gaishe ni ba."

Na yi fushin kwana biyu. A na uku na koma kujerar gaba. Tun daga nan, daga kasuwa zuwa ƙofar makaranta ba ya yarda mu yi Bislama, harshenmu na yau da kullum, sai Faransanci. Ya gama sakandarensa, ya sami gurbi a jami'ar Noumea, bas ɗin kawunsa yake ja kafin lokacin tafiya. Muna lissafin mu hau jirgi ɗaya.

Washegarin rigimar na gaya masa komai. Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Ki dawo gidan gwaggona har ki gama jarrabawa. Ba wanda zai taɓa ki."

"A'a."

"Lei tawa..."

"Ba zan shiga danginku ta taga ba, Romaric. Kuma Mama da tukunya a gefen kanta take kwana. In gudu in bar ta a haka?"

"To me kike so?"

"Jarrabawa. Da rufi."

"Duka biyun? Ke kam akwai haɗama!"

"Da ka san haka ka ce kana sona."

Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. Ya daɗe yana kallon teku kafin ya tada mota.

Ranar Lahadi da yamma Papa na zaune gindin mangwaro, sai ga Romaric da kawunsa, ɗauke da saiwar kava, wadda ake dakawa manya su sha ruwanta, da sabuwar tabarma. Suka ajiye a gabansa yadda ake yi wajen neman aure. Na laɓe bayan ƙyauren kicin ina leƙe.

Kawun ya yi doguwar gaisuwa. Papa ya bari ya gama, sannan ya dubi Romaric sama da ƙasa.

"Mai neman aure ke nan? Ina aladunka na sadaki?"

"Papa, ko jelar alade ba ni da ita."

"To me ka zo da shi? Faransanci?"

"Hannuwana. A cire sunan Leiwia daga ayarin inabi a sa nawa. Abin da na samo na rufin ɗakin nan ne. Ita kuma a bar ta ta zauna jarrabawa."

Ban san lokacin da na fito ba.

"Ka haukace? Gurbinka na jami'a fa?"

"Zan sake nema baɗi."

"In ba su ba ka ba?"

"Sai ki dawo malama ki koyar da ni."

"Ban yarda ba! Papa, kar ka saurare shi!"

"Ke kika ce duka biyun kike so," in ji Romaric a hankali. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, masoyiyata. Bar ni in kama miki gefe."

Hawaye suka zubo mini. Papa kuwa ko gezau. Ya kaɗa kai yana murmushin da na sani, irin wanda yake wa mai tallan kifin jiya.

"Ɗan Katolika cikin ayarin cocinmu. To, a bar wannan. Yaro, ya Turancinka?"

Sai ya jefa masa tambaya da Turanci, mai sauƙi, wai shekarunsa nawa. Romaric ya gyara tsayuwa, ya amsa da ƙarfinsa, da Faransanci, cewa lafiya lau yake. Yaya Kalwat ya shige bayan ɗaki yana tuntsira dariya.

"Wakilin gonar inabin zai yi maka tambayoyi da Turanci kafin ya karɓe ka," in ji Papa. "In ka ci, ka tafi. In ka faɗi, ita ce za ta hau jirgi, kuma kada in ƙara ganin bas ɗinka a layin nan. Ba girin-girin ba, ta yi mai!"

Bai taɓa kavar ba. Amma bai ce a ɗauke ta ba.

Da suka tafi na bi Romaric har bakin hanya.

"Tunda ka zaɓi wahala, ka same ta. Gobe da safe Turanci, da yamma Faransanci. Kuma na rantse maka, ba za ka yi asarar shekararka a banza ba. Sai na ci jarrabawar nan ko sama da ƙasa za su haɗe."

"Yauwa! Wannan ce Lei ɗin da na sani."

Haka bas ɗin kawunsa ya koma aji. Ban taɓa ganin kai mai tauri irin nasa ba. Mutumin da ke karanta manyan littattafai da Faransanci, ga shi yana gumi a kan sunan almakashi da tsani da kwando. Matan kasuwa masu hawa da kayan gwari suka mayar da mu wasan kwaikwayo.

"Ɗan nan, har yanzu kana kan tsani? Tun makon jiya ba ka sauko ba?"

"Ki ja masa kunne, 'yata! Miji tun yanzu ake gyara shi!"

Da yamma sai ya rama. Ya zama mai jarrabawa, ya ɗaure fuska, ya yi ta jefo mini tambayoyi har in ji harshena ya yi nauyi. In na yi kuskure ya danna ham, duk titi ya waiwayo. Akwai ranar da na yi jifa da littafin na ce na gaji. Ya ɗauko, ya kaɗe ƙura, ya ɗora mini a cinya. Na buɗe muka ci gaba.

Ranar da ya je gaban wakili, ban fahimci ko kalma ɗaya a aji ba. Da aka tashi na tarar da shi a ƙofar makaranta ya jingina da mota, fuska a murtuke.

"Romaric... ya aka yi?"

"Ya ce Turancina kamar akuya a kan kwano."

Numfashina ya tsaya.

"Amma ya ce akuyar za ta iya tsinkar inabi!"

Na kai masa duka da jaka ina kuka ina dariya. Sai da na natsu na lura bai saki fuska duka ba.

"Saura me?"

"Jirginmu safiyar Alhamis zai tashi."

Safiyar da zan shiga jarrabawar baki ke nan.

"Zan roƙi Madam ta..."

"Ba za ki roƙi kowa ba. In na hango ki a filin jirgi, na fasa tafiyar. Ki je ki yi abin da zan tafi dominsa."

Ranar Laraba da yamma muka yi sallama a bakin teku. Ya riƙe hannuna ya ce, "Hasken idona, in kin ruɗe, ki ɗauka ni ne a gabanki, ba ham kawai." Na so in ce masa abubuwa da yawa, da harsuna uku, ko ɗaya bai fito ba.

Da safe Papa ya sa farar rigarsa ta coci, wai zai raka 'yan ayari. Bai yi mini fatan alheri ba. Mama ce ta cusa mini dafaffiyar ayaba a jaka, ta shafa kaina.

Masu jarrabawa biyu ne, mace da namiji, baƙi daga Noumea. Tambayoyin farko na amsa su ɗaya bayan ɗaya. Sannan matar ta ajiye biro ta ce, "Ke 'yar makarantar Turanci ce. Me ya sa kike son Faransanci?"

Na buɗe baki ke nan sai rugugin jirgi ya taso daga bayan tudu. Ya bi ta saman makarantar, tagogi na karkarwa. Babu mai jin wani, dole muka yi shiru. Na bi shi da kunne har ya yi nisa cikin teku, hawaye na zuba a kan rigar makaranta.

"Kina son ki huta?" in ji namijin.

Na share fuska da bayan hannu. "A'a. Yanzu zan amsa."

Na ba su labarin gidanmu, da rabon da aka yi mana, da wanda ke cikin jirgin nan. Ban nemi kalma ba, su suka riƙa zuwa. Da na gama, matar ta cire tabarau tana gogewa.

"Sakamako sai an aiko," in ji ta. "Amma in ni ce ke, zan fara neman akwati."

Na fito rana ta take. A gindin bishiyar ƙofar makaranta na hango farar riga. Papa ne, shi da bai taɓa tako makarantar nan ba. Idanunsa sun yi ja.

"Kin yi?"

"Na yi, Papa."

"Da kyau?"

"Da kyau."

Ya gyaɗa kai, ya karɓi jakata ya rataya a kafaɗarsa. Muka fara tafiya.

"Ya tafi lafiya?" na tambaya, muryata can ƙasa.

"Ya tafi. Rigar sanyi ma bai ɗauka ba, sakarai, sai tawa na ba shi." Ya gyara zaman jakar a kafaɗarsa. "Ki gaya wa uwarki ta daka kavar nan yau. Na raka surukina, maƙogwarona ya bushe."