Tsibin Da Ba Na Doya Ba

Ranar da Hachimou ya fara ganin Rauda, aiki ta ɓata masa.

Wani kamfanin gyaran hanya ne ya turo shi daga Parakou ya auna fili a bayan garin Djougou, inda ake so a haƙi jar ƙasa ta ciko. Sana'arsa ke nan: ya shimfiɗa alluna masu fentin baƙi da fari a ƙasa, ya tashi ɗan jirginsa mara matuƙi ya ɗauko hotuna daga sama, kwamfuta ta haɗa su ta nuna masa tudu da kwari da yawan ƙasar da za a kwasa. In allo ɗaya ya gusa, sai a sake awon daga farko.

Jirgin na sama sai ga wata budurwa tana tahowa da sauri, rungume da allo ɗaya.

"Monsieur, kun yar da kayanku a hanya."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dubi fuskarta, faɗan ya bi iska. Hachimou da leburori ke tsoron bakinsa, sai ga shi yana cewa, "Na gode, dama shi nake ta nema."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma ita ta samo masa lambar waya.

Rauda 'yar Alhaji Muntari ce, dillalin shanu a Djougou. Tana karatu a Parakou, tana zaune wurin goggonta a unguwar Kpébié, shi kuma gidansu na unguwar Ladjifarani. Babur ɗinsa ya haddace hanyar nan har ba ya bukatar a juya kansa.

"Raudata, yau na auna tsauni guda, amma na kasa auna yadda nake kewarki," ya rubuta mata.

"Mai awona, ka rage daɗin baki, goggo na kallona ina murmushi ni kaɗai. Ka ci abinci?"

Wata rana suna zaune a ƙofar gidan goggo ta gaya masa ba ta san fuskar mahaifiyarta ba. Tana goye Inna ta rasu, aka binne ta a tsohon zangon 'yan shanu tun kafin kasuwa ta tashi daga can. Ya tausaya mata har idonsa ya kawo ruwa, amma bai tambayi inda tsohon zangon yake ba.

Da manyansa suka je neman aure, Alhaji bai yi murna ba. Ransa na kan Sahabi, ɗan ƙaninsa da suke bin kasuwannin shanu tare. Ya ce dai a ba shi lokaci ya yi shawara.

Shawarar ba ta ƙare ba katafila ta shiga filin. Ta ture bishiyoyi, ta kankare saman ƙasa, ta bar wurin sumul kamar faranti. Sahabi ne ya biyo ta can da shanu ya gani, ya tsayar da direba da ihu. Ya tambayi wanda ya ce a haƙa nan, aka ce mai awo ne, wani Hachimou.

Alhaji ya sa aka kira Rauda gida. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi duka ciwo.

"Wanda ya share uwarki daga doron ƙasa ba zai zauna kan tabarmata ba. Ko ni yanzu ban san inda take ba."

Ta shige ɗaki ta rubuta saƙo tana kuka.

"Hachimou, filin da ka auna, Innata na ciki. Sun shafe kabarin. Ban ce ka sani ba, amma hannunka ne. Kada ka kira ni, ba zan iya jin muryarka ba."

Yana ofis saƙon ya same shi. Ya buɗe hotunan farko. Ga su nan a kusurwar filin, ƙananan tsibi a jere. Ya tuna ranar da ya gan su. Gonakin doya sun kewaye wurin, sai ya ɗauka tsoffin tsibin doya ne da ruwa ya cinye, ya sa kwamfuta ta baje su don lissafi ya fita tsaf, kamar yadda masu awo ke yi kullum. Yanzu da ya ƙura ido ya ga abin da ya tsallake. Tsibin doya zagaye yake. Waɗannan dogaye ne, duka sun miƙe daga kudu zuwa arewa, yadda ake kwantar da Musulmi fuskarsa na duban gabas.

Ya kifa kansa a tebur ya yi kuka kamar yaro.

Ya je ya faɗa wa shugabansa kuskuren nasa ne, aka janye aiki daga kusurwar, shi ma aka cire shi daga kwangilar. Bai yi gardama ba. Ya ɗauki kwamfutarsa ya hau motar Djougou.

Alhaji ya ƙi fitowa. Hachimou ya zauna a ƙasa a ƙofar gida, rana na dukansa, masu wucewa na nuna shi da baki. Rauda ta leƙo ta gan shi, ta je ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ban san fuskarta ba. Kada in rasa har inda take kwance. Ka duba abin da ya kawo, daga nan ka kore shi."

Tsohon ya fito yana haɗe rai. Hachimou bai ɗago kai ba.

"Baba, ban zo neman aure ba. Katafila saman ƙasa kawai ta kwashe, ba ta kai gare su ba. Wannan hoton kafin ta shiga ne. In kun nuna min, zan mayar da kowa inda yake."

Alhaji ya sunkuya kan kwamfutar. Ya bi hoton da ido, sannan yatsansa ya sauka kan wata inuwa.

"Kaɗanyar nan ce. A gindinta na zauna ranar jana'iza." Yatsan ya matsa kaɗan. "Ga Mairamu."

Washegari aka fita filin da liman da dattawan kasuwa. Hachimou ya riƙe sandar awo mai bin tauraron ɗan adam, yana tafiya a hankali, inda ta nuna sai ya kafa turke a kai da ƙafa. Tsoffin hotunan sun faɗa masa tsawon kowane kabari da yawan ƙasar da ke kansa. Ya ƙi bari lebura ya taɓa baro. Shi ya riƙa turo ƙasar daga inda katafila ta tara ta, har tafin hannunsa ya fashe. Sahabi ya tsaya yana kallo, can ya tuɓe rigarsa ya ɗauki shebur.

Da aka zo kan na Mairamu, mahaifiyar Rauda, Alhaji ya durƙusa yana daidaita ƙasar da hannu.

"Haka yake?" ya tambaya.

"Haka yake, Baba. Duk ƙasarta na mayar mata."

Tsohon ya share ido da hannun riga. "Ban huce ba, yaro, kada ka ɗauka na huce. Amma na ga yadda kake yi in ka ɓata abu. Ka ce wa manyanka su dawo."

Bayan damina aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji. An ci an sha, amma ba a yi kiɗa ba, amarya ce ta roƙi hakan.

Da motar kai amarya ta kama hanyar Parakou, Alhaji ya ce direba ya ratse. An kewaye kusurwar filin da duwatsu masu farin fenti. Rauda ta tsaya daga bakin iyaka cikin lulluɓi, Hachimou na gefenta, mahaifinta ya miƙa hannu.

"Ga ta can, ta kusa da kututturen kaɗanyar."

Rauda ta daɗe tana kallon ɗan tsibin. Ba ta taɓa sanin wurin da za ta duba ba sai yau.

"Inna," ta ce a hankali, "ni ce Rauda. An ɗaura min aure, zan tafi."

Alhaji ya ɗaga hannu sama, hawaye na bin gemunsa.

"Allah Ya jiƙan ki, Mairamu. Allah Ya zaunar da 'yarki lafiya a ɗakinta, Ya yi musu albarka."

Su biyun suka ce amin.