Irin Gidan Malam Dalhatu

A fadamar Gummi Zinatu ta fara ganin Mas'ud, tsugune cikin shinkafar mahaifinta, yana yankar ganye da almakashi yana zubawa a 'yan kwalabe.

"Malam, akuya ta aiko ka?"

Ya yi dariya. "Bincike nike. Ambaliya ta cinye gonakin kowa, taku ta tashi. Cikin ganyen ga akwai ƙwayoyin gado, su za su gaya muna dalili."

Ba ta gane komai ba, amma ta ba shi lambar wayar Innarta. Yaran yanzu ke nan.

So ya kama su, har manyansa suka sa ranar zuwa daga Anka. Sai saƙon Mas'ud ya shigo, wayar kuwa tana hannun mahaifinta, Malam Dalhatu:

"Zinariyata, sakamako ya fito. Irin gidanku ba tsantsa ba ne, akwai gauraye tun kakanni. Na ji daɗi ƙwarai."

Malam ya karanta ya sake karantawa. "Mu za a bincika ma asali da na'ura? Har ma ya ji daɗi? Kar ya sake tako ƙofar gidan ga."

Zinatu ta ɓoye ta rubuta wa Mas'ud: "Mi ka gani ga kakannin?"

Amsa ta zo: "Na daji ne, masoyiya."

Ta wuni kuka. Magana zarar bunu ce, a waya kuwa ta fi saurin kama wuta.

Innarta Marka ce ta ce mai tambaya ba ya ɓata, aka kira yaron zaure.

Malam ya ce: "Wane ɗan daji ka samo cikin kakanninmu?"

"Kakannin wa, Baba?"

"Irin gidanmu da ka ce."

Mas'ud ya dafe kai. "Irin shuka nike nufi. Shinkafarku ta yi aure da ta daji tun da daɗewa."

"Shinkafa na aure?"

"Iska ka ɗaura shi, Baba. Can ta yi gadon haƙuri: in ruwa ya rufe ta sai ta yi likimo, ta rage cin abincin jikinta har ya janye. So muke manoman Bukkuyum ma su samu."

Malam ya daɗe yana shafa gemu.

"Har yau ban gane yadda ganye ya yi kakanni ba. Amma naka irin na bincika a Anka, da ƙafata, ban iske aibi ba. Na ba ka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya kuma koya wa ango kiran shinkafa da sunanta.