Tsintsiya Da Gindin Barkono

Can a wani zamani an yi wata tsohuwa mai tsananin tsabta. Tana da ɗan lambun barkono a bayan gida, da shi take ci. Kullum sai ta share shi tas, ko ganye ɗaya ba ta bari. Takan ce, "In aka ga shara, me mutane za su ce?"

Ana nan bazara ta yi tsanani, rijiya ta ja baya. In ta ba da ruwa da safe, kafin azahar ƙasa ta bushe ƙayau. Barkono ya fara yaushi, hankalin tsohuwa ya tashi.

Sai ciwon baya ya kwantar da ita. Maƙwabciyarta ce ke zuba wa lambun ɗan ruwa, ganyen mangwaro kuwa na ta zuba ba mai sharewa. Tsohuwa na kwance tana juyi: "Wayyo barkonona! Ga kuma shara, me mutane za su ce?"

Da ta samu sauƙi, ta ɗauki tsintsiya ta fita. Sai ta tarar barkono ya miƙe kore shar. Ta tura hannu ƙarƙashin busasshen ganyen, ta ji ƙasa da danshi da sanyi.

Maƙwabciyar ta leƙo ta kan danga ta ce, "Iya, lambunki ya zama juji, kawo in share miki."

Tsohuwa ta dubi tsintsiya, ta dubi barkono. Sai ta shiga tura ganyen gindin kowace shuka.

Maƙwabciyar ta riƙe baki. "Iya, me mutane za su ce?"

Tsohuwa ta ce, "Su ce mana. In sun gama, su zo sayen barkono."