Abin da Baba Ya Danna

Ranar da Auta ta fara ganinsa, rungume take da kwamfutar gidansu kamar mai ɗauke da jariri. Shagon ɗan tsukuku ne, ko'ina wayoyi da kusoshi. Mai gyaran ya ɗago, ya manta da abin da ke hannunsa.

"Me ke damunta?"

"Nauyi take yi. Don Allah a bi ta a hankali, muryar marigayiya Ummana tana ciki."

Ya bi ta a hankali kuwa. Ya sa mata sahihiyar manhajar kariya daga bairos, ya ce a riƙa sabunta ta, a kuma kwafe muryar a wani wuri. Da Auta ta kai maganar gida, Baba ya ce muryar matarsa ba za ta yi yawo a aljihun kowa ba.

Tun daga nan kwamfutar ta riƙa ciwon da babu shi, Auta na kai ta asibiti. Ta raɗa masa Likita. Wata rana ya turo mata saƙo.

"Gimbiya, marar lafiyarki ta warke. Likitan ne ya kwanta, kuma ke ce maganin."

Ta karanta saƙon ya fi sau goma.

Baba dai ɗan amininsa yake so mata, wani mai bakin iya komai. Shi ya zo ya cire manhajar Likita, ya ɗora wata da ya tsinto a intanet, wai ta fi ƙarfi. Ba a yi sati biyu ba komai ya kulle. Hotuna da muryar Umma suka tafi.

"Aikin mai gyaran nan naki ne," in ji Baba, idonsa a ƙasa.

Tana kuka ta rubuta wa Likita: "Na ba ka amanar muryar uwata, ka kashe min ita karo na biyu. Kada ka sake nemana."

Amsa ta zo: "Allah ya huci zuciyarki, Gimbiya."

Ko musu bai yi ba, wannan ya fi ƙona mata rai. Wata huɗu tana tsanarsa, tana kewarsa.

Wata safiya tana zaune kusa da Baba za ta tura wa Gwaggo hoto a wayarta. Yatsanta na kan kalmar Share, Baba ya cafke hannunta.

"Kada ki danna! Share komai yake yi!"

"Baba, ai Turanci ne, turawa yake nufi. Ina ka taɓa ganinsa?"

Nan ya faɗa mata gaskiya. Wani jan gargaɗi ne ya fito masa, wai an ga bairos. Ya ga an rubuta Share, ya ce to a share shi mana, ya danna. Ashe gargaɗin tarko ne. Washegari ya kai kwamfutar wurin Likita a ɓoye, ta ƙi gyaruwa, ya roƙe shi ya rufa masa asiri.

Auta ba ta san lokacin da ta isa shagon ba.

"Likita, me ya sa ka bari na zage ka?"

"Kin rasa uwa, Gimbiya. In sa ki rasa uba kuma?"

Ta zauna a kan bencinsa ta yi kuka mai isarta.

Baba da kansa ya sa ranar aurenta da Likita. Da za a kai ta, ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Auta, ki yafe wa tsohonki."

Ta ce amin ga addu'ar. Yafiyar kuwa ta ƙi fitowa, har sai da mijinta ya matsa hannunta.

"Na yafe, Baba," ta ce, ba tare da ta iya kallonsa ba.