Agogon da Za a Mayar Legas

"Ja ƙofar nan!" in ji Ja'afaru Kaska.

Tijjani ya ja ƙyauren kwano. Garejin ya yi duhu duk da la'asar ce. A waje hadari na haɗuwa a kan Katabu. Su uku ne: Kaska, wanda shi ne oga, da Tijjani, mai tuƙa masa babur, sai Isma'il, ma'aikacin wani kamfanin aika saƙo a Doka, ko rigar aiki bai cire ba.

"Ɗan ofis, muna jin ka."

Isma'il ya lashi leɓe, ya ba su labarin abin da ya faru da safe.

Wani dattijo ne ya shigo ofishinsu, Alhaji Yahya na Unguwar Dosa, tsohon ma'aikacin gwamnati mai sha'awar tara tsofaffin agoguna. 'Yarsa Hansai na riƙe da ɗan akwati. Agogon aljihu ne ya saya ta intanet daga wani dillali a Legas, bai yi masa ba, zai mayar a dawo masa da kuɗinsa.

"Hanya biyu ce, Alhaji," Isma'il ya ce masa. "Akwai ta mota, mai sauƙi, amma in ya ɓata ba ruwanmu. Akwai ta jirgi, da inshora, kana bin sawunsa a waya."

"A sa a mota kawai, yaro."

"Haba Baba!" in ji Hansai. "Abin da ka zuba wa kuɗin sayen mota guda? A yi inshorar."

"To, inshora sai an faɗi darajar kaya," in ji Isma'il.

Alhaji ya rage murya ya faɗa. Alƙalamin Isma'il ya tsaya cak.

Kaska ya yi murmushi. "Zinare ne?"

"Da idona na gani, oga. Gobe da hantsi Aliyu, ɗan aikenmu, zai kai shi filin jirgi a babur. Ta Mando zai bi. Shi kaɗai."

"Na'urar bin sawu fa?"

"Tana cikin jakar. Ni zan cire."

Kaska ya ɗora bindiga a kan benci, bakinta na kallon Isma'il. "Ka cire, baaba. Ka san ni."

"Amma ba harbi, oga," in ji Tijjani. "Na san Aliyun nan. Matarsa ta haihu kwanan nan."

Kaska ya ɗauke bindigarsa, ya soke ta a ƙugu.

Washegari gari ya tashi da yayyafi. Aliyu ya goya jar jakar kamfani, ya yi bisimilla, ya hau titi. Ya wuce Kawo, ya karya Mando. Gidaje suka fara ja baya. A madubi ya hango wani babur, mutum biyu, fuska a rufe. Ya rage gudu su wuce. Suka rage. Ya ƙara wuta. Suka ƙara.

"Matse shi!" in ji Kaska.

Tijjani ya sha gaban Aliyu — ƙiiii! Babur ɗin Aliyu ya zame a jiƙaƙƙiyar kwalta. Ya faɗi, ya mirgina, ya tashi da jakar a ƙirji.

"Kawo jakar!"

"Don Allah, amana ce! Za a ce ni na —"

"Kawo, shege!"

Aliyu ya juya zai ruga daji. Tau! Tau!

Ya kife a cikin ciyawa. Kaska ya fizge jakar daga hannunsa.

"Oga, ka kashe shi! Na ce ba harbi!"

"Tuƙa ko in haɗa da kai!"

A ofishin Doka manajan kamfanin na kallon kwamfuta. Ɗigon da ke nuna jakar ya bar hanyar filin jirgi, ya juyo, ya nufi titin Zariya. Ya kira Aliyu, ba a ɗauka ba. Ya waiga teburin Isma'il. Babu kowa, wai ya tafi sayen magani. Ya kira Insifeto Sulaiman.

"Kar ka kashe wayar," in ji Insifeton, yana tsalle cikin mota. "Duk inda ɗigon ya karya, faɗa mini."

A garejin Katabu, Kaska ya farke jakar da wuƙa. Ga kwalin saƙon, an liƙe shi tsaf da tambarin inshora. Ya yage. Ya buɗe ɗan akwatin.

Tsohon kwaɗon ƙofa ne, mai tsatsa, naɗe cikin auduga.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zazzage jakar. Wani ɗan baƙin abu ya faɗo ƙasa, jar fitilarsa na ƙiftawa.

"Bai cire ba," in ji Tijjani. "Oga, sayar da mu ya yi."

Ƙarar birki a waje. Takalma a cikin taɓo.

"'Yan sanda ne! An kewaye ku! Ku fito hannu sama!"

Kaska ya shaƙo wuyan rigar Tijjani, ya tura shi gaba, ya banke ƙyauren yana harbi ta kan kafaɗarsa. Aka mayar da wuta — ratatata! Tijjani ya sulale. Kaska ya yi taku kaɗan harsashi ya karya masa cinya. Tun kafin a sa masa ankwa yake ihu: "Isma'il! Ku kamo Isma'il!"

A tashar Kawo aka same shi, a kujerar baya ta motar Kano, ana jiran fasinja ɗaya. Agogon na cikin safarsa; tun a ofis ya musanya shi da kwaɗon kafin ya liƙe kwalin. Lissafinsa shi ne a kashe su Kaska a wurin, a ɗauka agogon ya salwanta a hannunsu.

Da yamma aka kira Alhaji Yahya caji ofis. Ya ɗauki agogon, ya juya bayansa, ya nuna wa Insifeto inda launin ya goge.

"Ruwan zinare ne aka shafa wa tagulla. Damfarata aka yi, shi ya sa zan mayar."

Isma'il, da ke tsugune a ƙasa, ya ɗago kai ya zuba wa agogon ido.

"Ina yaron da ya ɗauki saƙon?" Alhaji ya tambaya.

Insifeto ya cire hularsa.

Bayan sallar jana'iza Alhaji da Hansai suka je ta'aziyya gidan su Aliyu a Rigachikun. Hansai ta shiga ɗakin mata. Matar Aliyu, Umaima, na zaune a kan tabarma, jaririya a cinya, idanunta sun bushe.

"Ke ce mai kayan?" ta tambaya a hankali.

"Na babana ne."

"An samu?"

"An samu."

Umaima ta gyaɗa kai. "Alhamdu lillahi. Kullum tsoronsa ke nan, kar a ce kayan wani ya ɓata a hannunsa."

Jaririyar ta motsa, ta fara kuka. Uwar ta juya ga bango ta ba ta mama.