Ruwan Zafin da Vidar Ya Zubar

Da almuru suka sauke jakunkunansu a bakin wani tafki, can cikin gandun tsaunukan Hardangervidda, nesa da duk wata hanyar mota. Vidar ne ya matsa aka taho. Ya shafe shekaru yana aikin jirgin ruwa, yau wannan tasha gobe waccan, da ya dawo gida kuma sai zama ya gagare shi. Ɗakin mahaifiyarsa ya yi masa ƙunci, har ƙarar agogon bango damunsa take yi. Shi ne ya tasa ƙanwarsa Solvor a gaba su hau tsauni, inda babu mai tambayarka izini. Ka goya tantinka da abincinka, ka kwana duk inda ƙafarka ta gaji.

Ita Solvor ba ta taɓa barin yankin ba, tsaunin nan kuwa shi ne rayuwarta. Kafin ta kafa turken farko na tanti sai da ta durƙusa ta dafa ƙasa da tafin hannu, ta yi jim kamar mai jiran a amsa mata sallama.

"Ke har yanzu kina wannan abin na Kaka?" in ji Vidar. "To me suka ce? Akwai ɗaki?"

"Sun ce akwai, amma ban da masu surutu." Ta wurga masa igiya. "Ja nan, sarkin yawo. Ka zaga duniya, ɗaurin tanti ya gagare ka."

Ya kunna ɗan rishon gas ya ɗora taliya. Sanyin kaka ya fara cizo, hazo na rarrafowa daga kan ruwa. Solvor ta ɗauki buta ta nufi tafki, sai da ta yi nisa ta waiwayo.

"Yaya, in za ka tace taliyar, ka yi magana tukuna!"

Duk yaron ƙauyensu ya san wannan. Ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai an ce, "Na ƙasa, ku kauce," domin mutanen ɓoye na zaune ƙarƙashin gansakuka da duwatsu, da 'ya'yansu da shanunsu. Vidar ya ji ta sarai. Maganar har ta zo bakinsa, sai ya ji kunyar kansa, ƙato da gemu yana gaisawa da ciyawa. Ya karkata tukunyar cikin wani ɗan rami a gindin dutse, ya tsiyaye ruwan tas.

Tururi ya tashi. Iska ta tsaya cak.

Sai kuka. Siririn kukan jariri, daga ƙarƙashin takalmansa.

Wani wari ya bugi hancinsa, ƙaurin gashi haɗe da na madarar da ta kama a tukunya. Kafin ya ɗaga ƙafa, ihun Solvor ya tsage shirun.

Ya same ta a durƙushe a kan tsakuwa, ta dafe wuya. Rigar sanyinta a bushe take, amma da ya zuge ta sai ya ga kafaɗar ta yi jajir, fata na tashi bororo yana kallo.

"Ka yi magana?" ta raɗa.

Ya kamfato ruwan tafki ya zuba mata, ƙunar ta ƙara hawa, ta nufi maƙogwaro. Ya zaro waya. Babu sabis. Numfashinta ya fara fita da ɗan fito, kamar iska a kafar ƙofa.

Can sai ƙararrawa, irin wadda ake rataya wa saniya. Ɗaya, sannan da yawa, suna matsowa cikin hazo. An daɗe da kora dabbobi gangare, babu saniyar kowa a tsaunin nan.

A gindin dutsen, dab da rishon, wata mace na zaune. Gajeruwa ce, cikin doguwar riga ruwan toka, ta juya musu baya tana jijjiga wani abu a cinyarta. Duk sanda abin ya tsala kuka, sai Solvor ta gantsare.

"Kar ka kalli fuskarta," in ji Solvor, da ƙyar. "Na gidansu aka ƙona. Na gidanmu za su ɗauka."

Vidar ya dubi wuyan ƙanwarsa. Ya dubi butar da ta yar. Ya cika ta da ruwa, ya miƙe.

Ya koma gindin dutsen. Ya durƙusa gaban rishon, idonsa a ƙasa, ya ɗora butar. Matar na nan kusa, da zai miƙa hannu da ya taɓa ta. Warin ƙasa mai danshi ke fita daga jikinta. Ba ta numfashi.

Ruwan ya ƙi tafasa.

Gas na huci. Jaririn na kuka. A bayansa fiton numfashin Solvor na ƙara sirancewa.

Wani abu mai ɗumi ya busa masa iska a ƙeya, ƙararrawa ta kaɗa dab da kunnensa. Bai waiwaya ba.

Murfin butar ya fara rawa.

Ya naɗe hannun rigarsa na hagu. "Ni ne na zuba," ya ce. "An gaya mini, na ƙi. Ita ta yi muku sallama. Ku bar ta."

Jijjigar ta tsaya.

Ya ɗora hannunsa a bakin ramin, ya karkata butar.

Bai san ya yi ihu ba sai da duwatsu suka dawo masa da shi. Bai daina zubawa ba har butar ta yi sakayau. Cikin azabar nan ya ji waɗansu 'yan yatsu ƙanana, masu sanyi kamar ƙanƙara, sun kama babban yatsansa. Suka riƙe. Suka saki.

Kukan ya ɗauke. Ƙararrawa ta yi nisa, ta nutse ƙasa.

A bakin tafki Solvor ta ja dogon numfashi, ta fashe da tari.

Ya goya ta da hannu ɗaya. Suka bar tanti da jakunkuna da taliya a warwatse, ya yi ta tuntuɓe cikin duwatsu har ya hango fitilar wata bukkar matafiya, inda aka kira musu agaji.

Solvor ta warke, ko tabo babu. Shi kuwa yatsunsa sun ƙandare, aikin jirgi ya ƙare masa ke nan. Ba ta taɓa ce masa komai a kan maganar ba. Sai dai ta kyautar da takalmanta na hawan tsauni, ta kuma saki labulen tagar da ke kallon tsauni, har yau ba ta ɗaga shi ba. In suna kanti jaririn wata ya yi kuka, takan dafe wuyanta ta fice, Vidar ya tattara kayan da hannunsa mai lafiya ya bi bayanta.